Bindiga mai sakata marar nauyi: ta isa farauta da harbin takarda duka?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masana ce. Ana ta yabon bindigogin nan masu sakata marasa nauyi, waɗanda ake ja da hannu bayan kowane harbi. A ɗauki Tikka T3x Lite a misali, ƙirar kamfanin Sako na ƙasar Finlan: kusan kilo 3 ba madubin hangen nesa, bututu inci 24, harsashi 6.5 Creedmoor, gidan harsashi na cin 3. Kamfanin ya yi alkawarin harbi 3 za su taru cikin MOA 1 a mita 100. Irin wannan ta isa mutum ya yi farauta da ita ya kuma yi harbin takarda na gwaninta, ko dole sai biyu? In kuma an ajiye ta gabanka, ta ina ake fara duba ta?

Barista: Wa alaikumus salam. Kafin maƙera su buɗe jakar aiki, a fara da takarda, don a nan mutane ke faɗawa rami. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko haramtattu ne sai da izinin Shugaban Ƙasa: masu sarrafa kansu, fistol, da bindigogin soja masu faɗin baki milimita 7.62 da 9, da .300 da .303 na inci. Na biyu Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu: ta katirij mai baki ɗaya ko biyu, bindigar iska, da ta farauta mai zane a ciki wadda faɗin bakinta ba ya cikin waɗancan huɗu. Na uku su ne na ɗure, adaka da bindigar toka, nasu lasisin na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Ga inda abin ya shafe ka. .308 Winchester, wadda bidiyon Amurka ke ta cewa a fara da ita, faɗin bakinta 7.62 ne. Haka .30-06. Ba a shingen hanya za ka tsaya kana gardamar cewa taka ta farauta ce ba. Su .243, .270, 6.5 da .22 ba su cikin jerin. Harsashi ma sai na bindigar da ke kan lasisinka, kuma doka ta hana haɗa harsashi a gida, saboda haka ɗurin kwanso da Turawa ke yi da hannunsu ba namu ba ne. Riƙe haramtacciya ba izini ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. A watan Agustan 2023 kuma Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan makamai. Don haka tambayar farko a hedikwatar 'yan sanda ake yin ta, ba wurin dillali ba.

Shugaban Zaure: Madalla, Barista. Maganar ta masu lasisi ce da masu neman sani. Wanda ya sako tallar bindiga ko harsashi a nan za a fitar da shi, ba gargaɗi.

Malamin Lissafi: Ɗan Mabera, bari in warware alkawarin nan tukuna. MOA kusurwa ce, kashi 1 cikin 60 na digiri. A mita 100 tana rufe santimita 2.9, a mita 200 santimita 5.8, haka har gaba. Alkawarin ba ƙarya ba ne, amma harbi 3 ba awo ba ne. Ko bindiga ba ta canza komai ba, gungun ramuka na ƙara faɗi da yawan harbi: na 5 ya fi na 3 da kusan kashi 25 cikin 100, na 10 ya fi shi da kusan 60. Wadda ke ba ka santimita 2.5 da harbi 3, ka sa ran santimita 4 da harbi 10. Na biyun nan shi ne halinta.

Sai shuri. Harsashin 6.5 mai giram 9 yana fita da gudun mita 820 a daƙiƙa. In ka haɗa da turin albarushi, bindiga mai kilo 3 da rabi har da madubi tana bugun kafaɗa da kimanin jul 16 (jul ma'aunin ƙarfin bugu ne). Harsashin nan dai a bindiga mai kilo 5, jul 11 ne. .243 a mai kilo 3 da rabi, kimanin jul 12. Babu wanda zai karya ƙashi a cikinsu. Matsalar ita ce marar nauyi na fara motsi da sauri tun harsashi bai bar bututu ba, don haka duk bambancin riƙo daga harbi zuwa harbi yana fitowa a takarda. Yau ka danne ta da kunci, gobe ka sassauta, ramin ya tashi.

Baba Maharbi: Lissahin malam daidai na, amma ku saurara ɗiyana. Mai hwarauta ba zama shi ka yi ba, tahiya shi ka yi. Kilo guda da kar raina da asuba, in rana ta take kana cikin hwaƙo tun sahe, shi na ka sa hannu rawa sa'adda gada tat tsaya. Kuma nama ba ya jiran harbi 10. Guda ɗai ta, daga bututu mai sanyi. In wagga ta tahi inda anka nuhe ta, bindiga ta yi aikinta. Taura biyu ba ta taunuwa: wadda anka yi don saɓawa ga kahwaɗa, kak ka nemi ta yi aikin wadda anka yi don tebur.

Malamin Lissafi: Allah ya ja zamanin Baba, ban ƙi ba. Sai dai ba za a san inda harbin sanyi ke sauka ba sai an maimaita shi. Harbi ɗaya ya faɗa tsakiya, sa'a ce ko hali? Ba wanda ya sani.

Baba Maharbi: To a maimaita shi da sanyi. Takarda guda, harbi guda kullum da sahe har kwana 10. Ga goman taka nan ka samu, ni ma na samu sanyina.

Maƙerin Marina: Shawarar Baba ita ce gwajin da ya fi dacewa da siririn bututu. Amma kafin a ɓata harsashi ko ɗaya, ga dubawar hannu.

A cire gidan harsashi, a buɗe sakata, a leƙa a kuma sa yatsa a ɗakin harsashi. Sannan lamba: ta jikin ƙarfe ta zo daidai da ta lasisi, ba alamar goge ko sake bugu. In akwai, magana ta ƙare.

A zare sakata a leƙa bututu ta baya ana fuskantar haske. Inda yake fara cinyewa shi ne santimita 3 zuwa 5 na farko bayan ɗakin harsashi, don nan wutar albarushi ke sauka. Kaifin zane a nan ya zama sumul ko ya yi tsage-tsage, bututu ya tsufa ko da sauran jikinsa na ƙyalli. Ana kiyasta .243 tana fara rasa saiti wajen harbi 1,500 zuwa 2,000, 6.5 Creedmoor wajen 2,000 zuwa 3,000. Mai farauta ba zai kai nan ba cikin shekara 20. Mai harbin takarda duk mako zai kai cikin 'yan shekaru.

Bakin bututu: a zagaya leɓensa da auduga. In ta maƙale, akwai tabo, kuma tabon da ido ba ya gani ya isa ya watsa gungu, saboda iskar albarushi za ta riga fita ta gefe ɗaya ta ture gindin harsashi. Yawanci sandar wanki da ake turawa ta gaba ke jawo shi, ko jingina baki a ƙasan mota.

Fuskar sakata: zoben ramuka kewaye da ramin allurar da ke bugun gindin harsashi alama ce ta an sha harba harsashi mai matsi fiye da kima. In akwai kwanson da aka harba da ita a duba shi. Zobe mai haske kusa da gindi yana nuna ɗakin ya yi tsawo, kwanso na miƙewa, wata rana zai tsinke. Wannan sai a kai wa mai izinin gyara ya auna da ma'auninsa, ba aikin gida ba ne.

Sai ƙota. A naɗe takardar naira a ƙarƙashin bututu a ja ta daga baki har gindi. Ta wuce ba maƙalewa. Kada a tsaya nan: a ɗora gaban ƙota kan buhun yashi, a danna yadda ake yi lokacin harbi, a sake ja. Ƙotar roba marar nauyi takan lanƙwasa ta taɓa bututu sai an ɗora mata nauyi, shi ya sa wani ke samun gungu mai kyau a buhu, ya sa mata ƙafafu biyu na ɗora bindiga ya ga ramuka sun koma sama.

Ɗan Mabera: Na gode, Malam. Kunama fa? Wasu na cewa a sassauta ta iya sassautawa.

Maƙerin Marina: Ta Tikka ana daidaita ta tsakanin kilo 1 da 2. Ga awo ba na'ura: bindiga ba harsashi, baki sama, a ɗaura gorar ruwa da igiya a rataya a kunama, a riƙa ƙara ruwa har ta saki. Lita 1 kilo 1 ne. Don daji a bar ta tsakanin 1.2 da 1.5. Ƙasa da kilo 1 na tebur ne, yatsa mai gumi ko mai sanyin hunturu ba ya jin ta. Bayan kowane daidaitawa a yi gwaji uku ba harsashi: a rufe sakata da ƙarfi sau da yawa, a buga gindi kan tabarma, sannan a sa makullin hana harbi a ja kunama a saki a cire makullin. In allura ta faɗa ko sau ɗaya, a mayar da nauyin. Kuma ba a ɗiga mai a cikin kunama. Ƙura ce za ta bi shi ta daskare.

Na Arkilla: Ni dai ina ganin duk maganar zafin nan ta tsufa. Yanzu akwai bututun da ake naɗe wa zaren kabon, ga kauri ga rashin nauyi. A sayi wannan a huta.

Maƙerin Marina: Ba a huta ba, ɗan'uwa. Na kabon siririn ƙarfe ne a ciki, an yi masa riga. Rigar na ƙara masa tauri, gaskiya ne, ya fi siririn ƙarfe mai nauyinsa tsayuwa. Amma abin da ke shanye zafi yawan ƙarfe ne, shi kuwa babu. Hannu ba ya jin zafin a waje, ciki kuwa yana nan yana gasuwa, mai shi na ta harbi.

Malamin Lissafi: In ƙara adadi. Taurin bututu na tafiya da kaurinsa an ninka shi a kansa sau 4. Siriri mai milimita 16 a baki da kakkaura mai 22, na biyun ya fi tauri wajen ninki 3 da rabi. Duk bututu na karkarwa in harsashi na wucewa. Kakkaura karkarwarsa kaɗan ce, shi ya sa yake haƙuri da harsashi iri-iri. Siriri kuwa tsirfa gare shi: wani kwali ya so, wani ya watsar.

Ɗan Gasa: A nan ne nake rabuwa da masu cewa ɗaya ta isa. A harbin takarda ana jera 10 ko 20 cikin ƙayyadadden lokaci. Siririn bututu daga harbi na 4 ko na 5 yakan fara tafiya, galibi ramuka su jeru sama. A garin nan cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ƙarfen da ke rana ya yi zafi tun ba a harba ba. Sai ka jira minti 3 tsakanin harbi, a inuwa, sakata a buɗe, baki sama don iska ta ratsa. Ƙa'idar hannu: in ba ka iya riƙe bututu kusa da ɗakin harsashi ka ƙirga 5, ka dakata. Ban da haka zafin da ke tashi daga bututun kansa yana kaɗa hoto a madubi, ka ga takarda na rawa. Ga kuma kawalwalniyar fili, daga ƙarfe 10 na safe ta fara. Gwajin gaskiya tsakanin fitowar rana da ƙarfe 9 ake yin sa.

Wanda kuma gwaninta yake nema, ba da 6.5 ake koyo ba. Gasar Olimfik da bindigar iska ake yi a mita 10, harsashi milimita 4.5, tsakiyar takarda ɗigo ne na rabin milimita. Sai .22 a mita 50, da'irar tsakiya milimita 10.4. .22 ba ta shuri, ba ta cin bututu, harsashinta ya fi araha nesa. Numfashi, jan kunama, karanta iska, duk a nan ake samun su.

Baba Maharbi: Yaro ya hwaɗi magana. Kuma ku dubi abin da ad dajinmu. Zomo, zabi, hwakara, burgu, sai gada in an dace. Zabi na katirij na. Zomo kuwa in kas sa mai 6.5 sai dai ka ɗauko kunnuwa. Gada duka-duka kilo 15 zuwa 20 ta, .243 ma ta yi mata yawa in ba a bayan kahwaɗa anka sa ba. Babbar bindiga sai ga gadu mai ɓarnar rogo da dankali bakin hwadama, shi ko ba cin shi mu ka yi ba. Malammanmu kuma sun karhanta hwarauta don wasa kawai. A yi Bismilla wurin harbi, in an iske ta da rai a yanka.

Barista: In ɗora a kan ta Baba: lasisin bindiga ba lasisin farauta ba ne. Wannan na hukumar gandun daji ta jiha ne, akwai kuma dokar kare namun daji masu ƙarewa ta 1985 mai jerin dabbobin da ba a taɓawa, a karanta shi kafin a fita. Gandun daji na ƙasa irin na Kainji ba a farauta a ciki sam. Sannan halin tsaro. Yankin Isa, Sabon Birni, Tangaza da Gudu ba wurin da mai hankali zai ratsa da bindiga mai madubi ba ne a yanzu. Sojan da ya hango ka daga nesa ba lasisi yake gani ba. Ko a inda ke lafiya, mai gari da DPO su san da fitarka, takarda na aljihu, bindiga cikin jaka ba harsashi a ciki har a isa.

Ɗan Mabera: To madubi fa? Wanne ya dace da ita, kuma yaya ake saiti ba a ƙona kwali guda ba?

Maƙerin Marina: Kuskuren da ya fi yawa, a sayi bindiga mai kilo 3 a ɗora mata madubi 5-25x56 (mai ƙara girma ninki 5 zuwa 25, gilashin gaba milimita 56) mai kusan kilo 1. An biya kuɗin rashin nauyi an mayar da shi sama, inda yake sa ta kifewa a hannu. 3-9x40 wajen giram 400 ne, ya ishi duk abin da ke ƙasa da mita 300.

Wurin ɗaurawa, a goge mai daga sukurorin gindi da ramukansu. Na zobba kimanin Nm 2 (ma'aunin ƙarfin murɗawa) ake ɗaure su, da sukudireba mai awo, ana bi ɗaya bayan ɗaya a gicciye har giɓin gefe biyu ya zo daidai. Wanda ya murɗe da ƙarfin tuwo ya matse jikin madubi, maɓallan su daina bin ƙirga. Tazarar ido santimita 8 zuwa 10, a daidaita ta madubi na kan girmansa mafi yawa, don a nan take raguwa. Marar nauyi ta fi saurin kai madubi ga gira. Sukurori biyu da ke haɗa ƙarfe da ƙota su ma a ɗaure su da awon da kamfani ya rubuta, a rubuta adadin a ajiye. Ƙotar katako tana ƙanƙancewa da bushewar hunturu ta kumbura da damina, sukurorin su saki ko su matse. Nan roba ta fi katako a ƙasarmu.

Saiti: a kafa bindiga kan buhunan yashi, a zare sakata, a leƙa ta cikin bututu a sa ɗigon takarda na mita 25 a tsakiya. Ba tare da motsa ta ba a murɗa maɓallai har gicciyen madubi ya hau ɗigon. Harbi ɗaya a nan don a tabbata ana kan takarda. A koma mita 100, harbi 3, a auna daga tsakiyar gungun, ba daga ramin da ya fi burge ka ba.

Malamin Lissafi: Ƙirgar kuwa ga ta. Madubin da aka rubuta 0.1 mil (mil ma awon kusurwa ne kamar MOA), kowane ƙas santimita 1 ne a mita 100. Mai rubu'in MOA, 0.73. Gungu ya sauka santimita 9 ƙasa da 6 hagu: a na farko 9 sama 6 dama, a na biyu 12 sama 8 dama. Da saitin mita 100, 6.5 na faɗuwa kimanin santimita 11 a mita 200, kimanin 40 a mita 300. Iskar gefe mai kilomita 16 a awa, wadda ba komai ba ce a hunturu, tana ture shi wajen santimita 15 a mita 300. Wurin kisa na gada bai fi santimita 10 ba. Ku haɗa da kanku. Kuma waɗannan adadin kwali ne na bututu inci 24. Duk inci ɗaya da aka rage, gudu na raguwa da wajen mita 7 a daƙiƙa.

Abu ɗaya da ake mantawa: a kafa bindiga, a motsa kai hagu da dama ba a taɓa ta ba. In gicciye na yawo a kan takarda, madubin bai daidaita da wannan nisan ba, kuma duk canjin wurin kunci zai zama kuskure.

Na Arkilla: To in gungu ya watse, ta ina za a gane laifin waye?

Maƙerin Marina: Siffarsa ke faɗa. Jeri sama da ƙasa: zafi, ko ƙota na taɓa bututu, ko an ɗora bututun kansa a kan sanda maimakon ƙota. Jeri gefe: iska, ko fizgar kunama. Gungu biyu dabam-dabam: wani abu na motsi, a duba zobba da sukurorin ƙota. Rami mai tsawo maimakon zagaye: harsashi na tafiya a karkace, ko ya yi wa murɗin zane tsawo ko bututu ya ƙare. 6.5 Creedmoor na juya harsashi sau 1 cikin inci 8, shi ya sa take ɗaukar dogaye. Yawancin .243 sau 1 cikin 10 ne, abin da ya wuce giram 6 da rabi sai ya fara gagarar ta. In ana zargin mai harbin, wani ya riƙa ɗura masa, wani lokaci ya bar ɗakin wayam bai sani ba. In baki ya nutsa ƙasa a kan wayam, an kama ɓarawon.

Sai zafi da harsashi. Albarushi na gama-gari na ƙara gudu wajen rabin mita a daƙiƙa kan kowane digiri, don haka saitin Janairu a sake duba shi a Afrilu. Wannan ƙarami ne. Babban shi ne kwalin da aka bari cikin mota a rana, inda zafi ke wuce digiri 60. Sakata ta yi tauri wurin ɗagawa, ko idon gindin kwanso ya baje, ko ka ga tambarin haske a gindin, matsi ya yi yawa, a tsaya. Kada kuma a rufe harsashi cikin ɗaki mai zafi ana jiran iska ta kwanta. A bar sakata buɗe sai an shirya. In an ja bai tashi ba, baki na kan takarda a ƙirga 30 kafin a buɗe.

Baba Maharbi: Ku ƙara da zanzaro. Bindigar da anka jingine ɗaka wata guda, shina shiga baki shi yi gini da laka. A harba bisa wanga, bututu shi kumbura ko shi tsage. Dut randa za a hita a leƙa. A liƙe baki da salatif guda, iska na huda shi tun harsashi bai iso ba, ba ya taɓa saiti.

Maƙerin Marina: Haka ne, Baba. Mai kuma a hunturu kaɗan ake sawa: a goge jikin sakata ya bushe, ɗigon giris a bayan haƙoranta biyu kawai. Ɗakin harsashi a bushe ƙarƙaf, don in da mai kwanso ba ya kama bango, duk turin ya koma kan sakata. Wanki ta baya, sanda guda marar gaɓa. Bayan wanki harbi 2 ko 3 na farko sukan sauka wani wuri, saboda haka a yi saiti a bar ta haka a tafi daji, a wanke in an dawo. Da damina ne ake barin mai a bututu, a share kafin harbi.

Anti Likita: Sannunku da ƙoƙari. Ba wanda ya ambaci kunne. Ƙarar irin wannan bindiga ta haura desibel 150, abin da ya kai 140 kuwa sau ɗaya ya isa ya yi lahanin da ba ya warkewa. A wurin gwaji a haɗa toshe na ciki da marfi na waje, da tabarau. Abin rage shuri da ake ɗaurawa a baki yana maido ƙarar ga mai harbi da na gefensa. Sai dalma: harsashi mai buɗewa na barin ɓurɓushi nesa da raminsa, a yanke naman kewaye da faɗi a binne, kada a ba yara da masu ciki. Wanda ya tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ya san jikin yaro ba ya ɗaukar ta. Can ta ƙasar zinariya ce, amma dalmar ɗaya ce. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa harsashi kafin a ci abinci.

Ɗan Gasa: Da bayan takarda. Ƙasarmu shimfiɗe take, harsashin 6.5 da ya tsallake na iya wuce kilomita 3, .22 ma ta fi kilomita 1 da rabi. Makiyayi ko mai itace na bayan sabara ba ka gan shi ba. Sai da tudun ƙasa mai laushi wanda ya fi mutum tsawo a baya. Marmara da ruwa na sa harsashi tsalle.

Ɗan Mabera: Na fahimta. In an taƙaice, harsashi nawa gwajin zai ci?

Maƙerin Marina: Kwali 2, wato 40, in iri ɗaya ne. 6 na saiti. 10 na Baba, guda kowace safiya a takarda ɗaya. 10 a gungu biyu na biyar-biyar da hutun minti 3. 5 a jere ba hutu, don ka san a harbi na nawa take fara tafiya da kuma ina take nufa. Sauran 9 a mita 200 da 300, a rubuta faɗuwar gaske a manna a ƙota. A lura da lambar rukuni a jikin kwali, in ta canza a sake duba saiti. Kuma a gwada da harsashin da za a yi farauta da shi. Na takarda ba a yi shi don buɗewa cikin nama ba, kuma ba wuri ɗaya suke sauka ba ko nauyinsu ɗaya. Kafin duk wannan a tabbata dillali mai rajista na iya kawo 6.5 a kai a kai. Sai 2007 kamfanin harsashi na Hornady ya fito da shi, .243 kuwa tun 1955 take kasuwa.

Baba Maharbi: Tara ɗin ga na ƙarshe ban yarda a ƙone su bisa tebur ba. Babu tebur daji. A yanka kwali da'ira santimita 10, a kahwa sanda biyu a gicciye, a yi tahiya da sauri minti 5 sannan a durƙusa a harba. A hwara da mita 80. In 3 sun shiga a ƙara 40. Inda guda tak kuskure, a koma na baya, nan na iyakar mai ita.